Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministocin Kamun Kifi da Muhalli na Madagaska: Kada Ɗan Nutso na Biyu Ya Bi Sahun na Farko

Masu girma Ministoci, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da jama'ar Madagaska baki ɗaya, ina rubuto muku daga yammacin Afirka a kan wani ɗan ƙaramin tsuntsun ruwa da babu irinsa ko'ina a duniya sai a tsibirinku. Masana suna kiransa Tachybaptus pelzelnii, ni kuwa zan riƙa ce masa ɗan nutso na Madagaska. A shekarar 2018 ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke fuskantar barazana a duniya, ta ɗauke shi daga sahun halittu masu rauni ta mayar da shi sahun waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa, kuma ƙiyasin masana ya nuna manyan da suka isa haihuwa ba su wuce 2,500 ba a duk faɗin tsibirin.

Da gangan na haɗa ku a wasiƙa ɗaya. A takarda, tsuntsu hurumin ma'aikatar muhalli ne. Amma abin da ke kashe wannan tsuntsu yana ƙarƙashin ruwa: raga ce, da kifayen da aka zuba, da ciyawar ruwan da ke gushewa. Waɗannan kuwa ma'aikatar kamun kifi ce ke da ta cewa a kansu. Shi ya sa nake ganin ran wannan tsuntsu ya fi zama a hannun ministan kifi fiye da kowa a gwamnatinku, ko da sunansa bai taɓa shigowa ofishin ba.

Tsuntsu ne da tsawonsa bai wuce santimita 25 ba. Idan lokacin aure ya zo, saman kansa yakan yi baƙi, bayan kunnuwansa su yi ja-ja, kumatu da maƙogwaro su yi toka-toka, ga wani siririn farin layi a ƙarƙashin jan idonsa. Ƙafafunsa suna can ƙarshen jiki, don haka a tudu tafiya wahala take yi masa, a cikin ruwa kuwa babu mai kama shi. Komai nasa a ruwa yake yi. Can yake farautar ƙwari da ƙananan kifaye, can yake barci, can kuma yake gina sheƙarsa da tarkacen ciyawa, ya ɗaure ta a jikin bado ko wata ciyawar ruwa tana lilo. Idan uwa za ta tashi daga kan ƙwai sai ta ja ciyawa ta rufe su. In an ƙyanƙyashe, iyaye kan goya 'yan tsakin a gadon baya suna iyo da su. Duk wanda ya fahimci wannan rayuwa ya fahimci matsalar: tsuntsun da ba ya da mafaka a tudu, in ruwa ya lalace, ba shi da wurin gudu sai wani ruwan. Ruwayen kuwa ɗaya bayan ɗaya suke lalacewa.

Ba hasashe nake yi ba, ranku ya daɗe. Kun riga kun ga ƙarshen wannan hanya sau ɗaya, a babban tafkinku.

Tafkin Alaotra, wanda ya fi kowane tafki girma a Madagaska, yana da nasa ɗan nutso na musamman, Tachybaptus rufolavatus, wanda masanin tsuntsaye ɗan Faransa Jean Delacour ya bayyana wa duniya a 1932. Fuka-fukansa gajeru ne, ba ya iya doguwar tafiya, don haka Alaotra da ruwayen da ke kusa su ne duniyarsa. A 1982 an ƙirga 12. A 1985 an ga 2, kuma daga nan ba a sake sa shi a ido ba. An yi ta bincike shekara da shekaru ba a dace ba, har a watan Mayun 2010 ƙungiyar BirdLife International ta sanar cewa ya ƙare daga doron ƙasa. Tsakanin bayyana shi da ganinsa na ƙarshe shekara 53 ce kawai, abin da bai kai tsawon ran mutum ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin Alaotra shi ne babu wanda ya ƙudiri niyyar kashe tsuntsun. Kowane mataki da ya kai shi kabari an ɗauke shi ne da sunan ci gaba. A shekarun 1950 an zuba nau'o'in karfasa daga babban yankin Afirka don a samu kifin ci da na sayarwa. Karfasar da aka kawo mai cin ciyawa ce, ta bi bado da sauran ciyayin ruwa ta cinye, wurin sheƙa da wurin ɓuya suka ragu, ƙwarin da ke zaune a jikin ciyawar ma suka bi ta. Aka kuma kawo wani kifin Amurka mai faɗin baki, mafarauci. Sai a shekarun 1970 aka shigo da wanda ya fi su duka ɓarna, kifin Asiya mai kan maciji da mutanenku ke kira fibata. Wannan kifi yana shaƙar iska, yana jure ruwan da sauran kifaye ba sa iya rayuwa a ciki, kuma ba ya barin ɗan tsako a saman ruwa. Daidai wannan lokaci ne kuma ragar leda mai siririn zare ta mamaye tafkin. A gefe guda ana ƙone zozoro, doguwar ciyawar fadamar, ana mayar da wurin gonar shinkafa, tuddan da aka sare wa itatuwa kuma suna tsagewa, manyan kwazazzaban nan da kuke kira lavaka suna kwararo jar laka cikin tafkin da dama can ba shi da zurfi. Da ruwan ya sauya hali, sai ɗan nutso gama-gari, wanda mu ma muke gani a madatsun ruwa da kududdufan ƙasar Hausa, ya samu wurin zama ya yawaita, ya riƙa barbara da na Alaotra har jinin na asalin ya narke a cikin nasa.

Ku duba wannan jeri da kyau, ku faɗa mini wanne ne a ciki ba ya aiki yau a kan ɗan nutso na Madagaska. Babu ko ɗaya. Fibata ya bazu a ruwaye masu yawa na tsibirin. Karfasa tana nan. Ragar leda ta fi da araha, ta fi da yawa. Fadamu suna komawa gonaki. Ɗan nutso gama-gari yana ta ƙara mamaye ruwayen da ciyawarsu ta tafi. Bambancin kawai shi ne wannan na biyun yana iya tashi, kuma ya warwatsu a tafkuna da yawa, daga bakin teku a yamma har tsaunukan tsakiya, shi ya sa mutuwarsa take tafiya a hankali. Wannan jinkiri ne ke ruɗar mutane. A kowane tafki in ya ɓace, sai a ɗauka ya koma wani ne, ba wanda ke haɗa lissafin gaba ɗaya.

Dangin wannan tsuntsu ba su da yawa a duniya, nau'o'insu ba su kai 25 ba, amma uku sun ƙare a ɗan tsakanin nan. Na Kolombiya an yi masa ganin ƙarshe a 1977. Na Tafkin Atitlán a Gwatemala labarinsa kamar an kwafo shi daga naku: an zuba kifi mai faɗin baki a 1958 da 1960 don a jawo masu yawon buɗe ido, tsuntsayen suka faɗo daga kusan 200 zuwa 80 cikin shekara biyar. An yi ƙoƙari sun ɗan farfaɗo, sai girgizar ƙasar 1976 ta sa ruwan tafkin ya ja baya, a 1989 aka ga biyu na ƙarshe. Na uku shi ne naku. Idan aka bar abin haka, Madagaska ce za ta zama ƙasar da ta rasa biyu.

Bari in tsaya a kan raga, domin ita ce abin da ya fi sauƙin gyarawa a hannunku, ita ce kuma ke kisa kowace rana. Ragar da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana a ruwa, in zarenta na leda ne siriri, ba a ganinta a ƙarƙashin ruwa. Tsuntsun da ke bin kifi da ido a guje ba ya sanin da ita sai ya afka, wuyansa ko ƙafarsa ta sarƙe, numfashinsa ya ƙare. Da safe masunci ya ja ragarsa ya tarar da gawa. Shi bai fito neman tsuntsu ba, kuma sau da yawa wahalar warware shi ma ɓata masa lokaci take yi. In babba ɗaya ya mutu a lokacin kwanci, ƙwai uku ko huɗu sun tafi tare da shi. Ga kuma tsofaffin ragogin da suka yage aka watsar a ruwa: leda ba ta ruɓewa, haka za su ci gaba da kamu ba mai ɗiba.

Ba ina roƙonku ku haramta raga a faɗin ƙasa ba. Dokar da ba za a iya tsarewa ba, raini kawai take jawo wa hukuma. Roƙona ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi yiwuwa. A kowane tafki da aka san tsuntsun yana haihuwa, a shata lungunan da bado ya yi kauri, a ce nan ba a shimfiɗa ragar kwana a watannin sheƙa. Waɗannan lunguna su ne dai wuraren da ƙananan kifaye ke girma, don haka masunci ne zai fara cin moriyar kiyaye su. Kuna da dokar hana kamun kifi na wasu watanni a manyan tafkunanku, kuna da doka kan faɗin idon raga. Abin da ya rage shi ne a tsare su da gaske, har da batun gidan sauro da ake mayarwa abin kamun kifi, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai ko'ina ba. Wanda za a karɓe wa haramtacciyar raga kuwa, a ba shi halattacciya a madadinta. In an karɓe an bar shi hannu rabbana, gobe zai nemo wata, kuma yana da hujja, domin akwai yara a gida.

Ina faɗar haka ne domin na san halin da jama'arku ke ciki. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna kusan mutum 3 cikin kowane 4 na Madagaska suna cikin talauci. Mutumin da ke ƙona zozoro a bakin Alaotra ba maƙiyin tsuntsu ba ne, uba ne mai neman inda zai dasa shinkafa. Duk shirin da ya mayar da masunci da manomi abokan gaba ya rushe tun kafin a fara shi. Amma kuna da makamin da ƙasashe da yawa ba su da shi. Dokar GELOSE ta 1996 ta ba da damar miƙa kula da albarkatun ƙasa ga al'ummar da ke zaune kusa da su, kuma kuna da dina, yarjejeniyar da jama'ar gari ke ƙullawa a tsakaninsu su kuma hukunta wanda ya karya. Dokar da dattawan gari suka zauna suka kafa ta fi tasiri a tsakiyar tafki da tsakar dare fiye da takardar da aka sa wa hannu a Antananarivo, babban birninku. Inda dina ke rauni shi ne idan baƙo mai ƙarfi ya zo daga wani gari da manyan ragogi, ko mai kuɗi ya sa a ƙone masa fadama, 'yan gari su kai ƙara, a sallame shi. Nan ne ake buƙatar ku. In kotu da jandarma suka tsaya bayan hukuncin al'umma, dina za ta yi aiki. In ba su tsaya ba, mutane za su gaji su zuba ido.

Batu na biyu shi ne zuba kifi. Fibata ya riga ya shiga manyan ruwaye, kuma ban ga yadda za a fitar da shi ba; yanzu ma ya zama abincin mutane. Sai dai akwai ƙananan tafkuna da har yau bai kai gare su ba, ko karfasa ba ta yi musu illa ba, kuma waɗannan ne taskar da ta rage. Bokiti ɗaya na 'ya'yan kifi da wani mai kyakkyawar niyya zai juye a irin wannan tafki ya isa ya ɓata shi har abada. Ina roƙon ma'aikatar kifi ta fitar da sunayen irin waɗannan ruwaye, ta hana zuba kowane irin baƙon kifi a cikinsu, ta kuma sa wannan sharaɗi a kan duk wani shirin tallafi na kiwon kifi, na gwamnati ne ko na masu ba da agaji daga waje. Kiwon kifi a tafkin da aka haƙa a gona alheri ne, ina goyon bayansa. Juye shi a tafkin Allah shi ne kuskuren da aka yi a shekarun 1950, kuma mutanen wancan zamani suna da uzurin rashin sani wanda mu ba mu da shi.

Hujjata a kan wannan tana arewacin ƙasarku. Wata agwagwa mai farin ido ta Madagaska, wadda ita ma Alaotra ce gidanta, an yi mata ganin ƙarshe a can a 1991, har an fara cire rai da ita. A 2006 masanin ƙasarku Lily-Arison René de Roland na ƙungiyar The Peregrine Fund ya gano 'yan tsiraru a wani tafkin bakin tsohon dutse mai aman wuta kusa da Bemanevika. Me ya tsare su a can? Wurin yana da nisa, bakin tafkin bai dace da shinkafa ba, kuma ba a cika shi da baƙin kifaye ba. A waɗannan tafkuna na Bemanevika ɗan nutso na Madagaska ma yana nan yana haihuwa. Daga baya aka ɗebi ƙwan agwagwar a 2009 aka ƙyanƙyashe a hannu, sannan a Disambar 2018 aka saki 21 a Tafkin Sofia, bayan ƙungiyoyin kare namun daji na Durrell da WWT da Asity Madagascar sun shafe shekaru suna aiki da ƙauyukan da ke kewaye kan yadda za a yi kamun kifi da noma ba tare da an kashe tafkin ba. Wannan abin alfahari ne gare ku, kuma duniya ta yaba. Amma ku dubi kuɗin da aka kashe da shekarun da aka ɗauka don ceto tsuntsun da aka bari ya ragu zuwa 'yan ashirin da wani abu. Ɗan nutso ba zai samu irin wannan gata cikin sauƙi ba, domin danginsa suna da wuyar kiwo a hannu ƙwarai. Shi a cikin tafkinsa za a cece shi, tun da sauran dubu ɗaya ko biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Game da shinkafa ba zan ja dogo ba, domin ba ma'aikatunku ne ke riƙe da ita kai tsaye ba, sai dai ku kai maganar teburin majalisar ministoci. Mutumin Madagaska yana cin fiye da kilo 100 na shinkafa a shekara, ƙasar kuma har yanzu tana shigo da ita daga waje, don haka matsin da ke kan fadamu ba zai ragu don kansa ba. Mafita ita ce gonar da ake da ita ta ƙara yabanya. A ƙasarku ne, a Antsirabe, wani limamin Katolika, Fada Henri de Laulanié, ya ɓullo da dabarar dashen shinkafa ta SRI a farkon shekarun 1980, dabarar da ta bazu zuwa Asiya da sauran Afirka. Tana cin aiki, tana buƙatar a iya sarrafa ruwa, shi ya sa ƙaramin manomi ba ya ɗaukarta sai da tallafi. Gyaran magudanan ruwa da suka cike da laka, da iri mai kyau, da dasa itatuwa a tuddai, sun fi ƙone fadama amfani ga manomin kansa. Zozoron da ake ƙonewa shi ne ke tace laka, shi ke riƙe ruwa zuwa rani, a cikinsa kifi ke haihuwa, kuma shi ne kaɗai gidan bandro, wani ɗan dabba dangin lemur (dabbobin Madagaska masu kama da biri) da ba ya rayuwa ko'ina sai fadamar Alaotra.

Na san kun sa hannu a kan yarjejeniyoyi. Madagaska tana da wurare fiye da 20 a cikin kundin Ramsar na muhimman fadamun duniya. Alaotra ta shiga a 2003, Tafkin Kinkony a 2012, Sofia a 2017. A 2003 ɗin ne kuma, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, shugaban ƙasa na lokacin Marc Ravalomanana ya yi alƙawarin ninka wuraren da ake karewa sau uku, kuma an yi nisa wajen cika shi. Sai dai yawancin hankali da kuɗi sun tafi ga dazuzzuka da lemur, waɗanda su ne masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su gani. Ruwaye sun zama 'yan bora. Alaotra ta shiga kundin Ramsar ne shekara 18 bayan ganin ɗan nutsonta na ƙarshe, kuma shigar ba ta kashe wutar da ake cinna wa fadamarta duk rani ba. Ɗan nutso na Madagaska kuwa mafi yawan rayuwarsa a wajen gandun gwamnati yake yi, a ruwayen da ake su, ake wanki, ake shayar da shanu.

Saboda haka akwai aiki ɗaya da nake roƙon ku fara da shi tun a wannan shekara, domin sauran duk a kansa suka dogara: a ƙirga tsuntsun tafki bayan tafki, a lokaci guda kowace shekara, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. Kuna da masana a jami'o'inku da ƙungiyar Asity da suka san aikin. A sa masunta a ciki, a biya su ladan wahalarsu, domin babu wanda ya san lungun da sheƙa take kamar mai kwalekwalen da ke wucewa ta wurin kullum da asuba. A kuma riƙa rubuta yawan tsuntsayen da ake cirowa daga raga, ba tare da an hukunta wanda ya kawo rahoto ba, in ba haka ba kowa zai jefar da gawar ya yi shiru. A Patagoniya ta Ajantina, inda wani ɗan'uwan wannan tsuntsu ke gab da ƙarewa, an ɗauki mutane suna kwana a bakin tafkuna suna gadin sheƙa duk tsawon lokacin haihuwa, kuma 'yan tsakin da ke tsira sun ƙaru. Irin wannan gadi a tafkuna goma ko ashirin na yammaci da tsakiyar Madagaska ba zai gagari kasafin ma'aikatu biyu ba, balle in abokan hulɗarku na waje suka ga kun sa sunan tsuntsun a cikin shirin gwamnati da hannunku.

Ina fatan samun amsarku a bainar jama'a, da jerin tafkunan da za a fara da su, da watan da za a fara ƙirgar.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai ƙaunar tsuntsayen ruwa daga ƙasar Hausa